Tarihin Malam Uwaisu Wagini da Barewar da Ya Tsayar

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Malam Uwaisu a garin Wagini ta ƙasar Batsari a shekarar 1938, wadda ta yi daidai da 1357 bayan Hijira. Mahaifinsa Daudu majemi ne ɗan majemi. Mahaifiyarsa Tasalla kuwa mutuniyar Tsaskiya ce ta ƙasar Safana, kuma Allah ya yi mata rasuwa tun yana goye. Shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yanta, saboda haka ya tashi a bakin kwatarniyar jima ba wa ba ƙane. Waɗanda suka san ƙuruciyarsa sun shaida cewa yaro ne mara surutu, wanda in tsuntsu ya sauka a kan danga sai ya manta da aiken da aka yi masa.

Karatu da Kama Aiki

Ya fara karatun allo a wurin limamin unguwarsu, sannan a 1947 aka ɗauke shi zuwa makarantar elamantare ta Batsari, ba da son ran mahaifinsa ba. A 1957 En'e ta ɗauke shi aikin gadin gandun daji, aka tura shi Dajin Rugu, wanda a wancan zamani yake cike da barewa da gada da gwanki. Aiki ne na yini guda ba ka yi magana da ɗan Adam ba, kuma ya karɓe shi.

Yadda Ya Fara Koyon Sana'a

A 1960, shekarar samun mulkin kai, aka aike shi Katsina ya taya wani Bature jami'in gandun daji ɗaure kaya. A falon Baturen ya tarar da gauraka tsaye a kan tebur, ya cire hula ya kore shi, gauraka ko gezau. Da Baturen ya gama dariya sai ya nuna masa cewa fata ce kawai da gashinta, aka cika ta da auduga, aka ɗora ta a kan waya. Cikin 'yan makonnin da suka rage masa ya koya wa Uwaisu yadda ake feɗe tsuntsu ba tare da an yaga shi ba, ya bar masa ƙananan wuƙaƙe da gwangwani guda na idanun gilashi, ya tafi ƙasarsu. Iyakar malamin da ya taɓa yi a wannan sana'a ke nan, sana'ar da ko suna ba ta da shi a Hausa.

Farkon gwajinsa fatar gada ce, kuma gado ya rinjaye shi, ya jiƙa ta a ruwan toka kamar yadda ya ga ana yi a gidansu. Gashi ya zube tas, fata ta fito sumul, sai dai dukawa su yi takalmi. Tsoho Daudu ya juya ta a hannu ya ce, "To ai jima ke nan, ɗan nan. Me kuma kake nema?" Da haka ya gane cewa abin da majemi ke zubarwa shi ne abin da shi yake so ya tsirar, ya koma ga gishiri da alif. Fakararsa ta farko ya ɗura mata audugar rimi har ta fi kama da kaza mai kumburin ciki, zomonsa kuwa gara ta yi walima da shi. Sai a 1965 ya tsai da zabon daji wanda karen maƙwabta ya yi wa haushi, kuma babu wanda ya yi masa barka sai karen.

Aure da Iyali

A 1962 ya auri Zuwairatu 'yar Malam Lawal, mace mai tsafta wadda ƙuli-ƙulinta ya yi suna har kasuwar Batsari. Allah ya azurta su da 'ya'ya, kuma ta haƙura da ɗakin da ya keɓe wa wannan aiki a bayan zaure, ko da yake ba ta taɓa yarda ta share shi ba.

Burinsa guda ne: ya tsai da barewa cikakkiya, mutanen Wagini su shigo su gani da idonsu kafin ta ƙare a Rugu. Cikas ɗin shi ne, duk maharbin da ya kayar da dabba da gudu yake zuwa ya yanka ta kafin rai ya fita, kuma wuyan da aka yanka duk iya ɗinkinka sai ya nuna. Ya roƙi abokinsa Jinjiri maharbi ya kawo masa guda ba yanka. Jinjiri ya ce, "Haba Malam! In bar halal ta zama mushe don kai ka yi kallo? Nemi wani, ba ni ba."

Shekarar Fari

A farin 1973 ya tsinci barewa ta faɗi ta mutu da ƙishi a bakin wani busasshen tafki, jikinta da sauran ɗumi, wuyanta lafiya lau. Da a ce ya feɗe ta a daji ya binne naman, da ba a ji kansa ba. Amma murna ta ɗebe shi, tsoron kada rana ta ɓata fatar kuma ya ƙara masa gaggawa, ya saɓo ta a kafaɗa ya ratsa tsakiyar gari da rana tsaka, a shekarar da kowa ke duban tukunyar maƙwabcinsa, ya shige da ita gida.

Al'adar unguwarsu ce magidanta su haɗu a ƙofar gida bayan magariba, kowa da akushinsa, a ci tare. Daren ranar babu wanda ya sa hannu a akushin Uwaisu. Ba wanda ya zage shi, an amsa gaisuwarsa har da tambayar iyali, amma akushi ya koma gida yadda ya fito, washegari ma haka. Ya rantse cewa ya binne naman a bayan gari, liman ya gaskata shi, jama'a kuwa suka ce ruwa ba ya tsami banza. Mata suka daina aikowa sayen ƙuli-ƙulin Zuwairatu, yara suka sa masa suna Mai Tada Mushe. A 1975 Zuwairatu ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu, tana cewa, "Ban ƙi ka ba, Malam, amma ba ni iya zama inda ake ƙyamar tukunyata." Bai sake ta ba, bai kuma sake aure ba.

Barewar kuwa ta tsayu, kai a ɗage, kunnuwa a miƙe, ƙafa guda a ɗan lanƙwashe. Kowace Juma'a yakan share ɗakin ya bar ƙofa a buɗe, ya tsaya a bakin zaure yana cewa masu dawowa daga masallaci, "Bismillah mana, ku shigo ku gani." Sukan ce sai wani jiƙon. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ya rame, ya koma cin tuwonsa shi kaɗai a cikin zaure.

Ƙarshen Rayuwarsa

Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, motocin itace suka yi wa Rugu ca, bindigogi suka yawaita, har ya zama sai a shekara ba a ga sawun barewa ba. A 1978 wani ɗan kwangila ya zo takanas daga Kaduna yana son ya kai barewar Uwaisu otal ɗinsa a yi ado. Uwaisu ya ba shi ruwa ya sha, ya ce masa, "Ba don baƙi na tsai da ita ba, Alhaji, mutanen garin nan nake jira." Ya yi ritaya a 1982, idonsa ya yi rauni, ya daina ɗinki amma bai daina share ɗakin ba.

Rasuwarsa

Allah ya karɓi ransa a daminar 1985, a cikin wannan ɗaki, bayan gajeriyar jinya. Tilas ta sa masu wankan gawa suka shiga, kuma cikinsu har da Jinjiri, wanda tsufa ya riga ya raba da bindiga. An ce ya daɗe tsaye gaban barewar, sannan ya ce, "Ashe haka take in ta tsaya. Ni ban taɓa ganinta ba sai tana gudu ko tana kwance." Ya fita ya kira na waje. Bayan an sallace shi an kai shi makwancinsa a maƙabartar Wagini, jama'a suka dawo suka yi layi a ƙofar ɗakin, tsofaffi suna nuna wa jikoki, har aka tashi daga zaman makoki ba a daina shiga ba. Mai ɗakin ne kawai bai ga wannan rana ba.

Ya rasu ya bar matarsa Zuwairatu da 'ya'ya huɗu: Hashimu, direban mota a Katsina, Musbahu, malamin makaranta a Safana, Maijidda, tana aure a Tsaskiya, da autarsu Uwani. Babu ko ɗaya cikinsu da ya gaji sana'ar. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya zama wurin hutawa, amin.