Titin Toka a Filin Makaranta

Cikin duk shekarun da na yi ina shaƙar garin alli, ban taɓa mantawa da ranar da 'yan aji huɗu suka buge Jauro Buba da mota ba, mu kuwa malamai muna dariya har da hawaye. Kada ku zaro ido, motar ba ta da inji.

A shekarar 1972 ne, muna ƙarƙashin Jihar Kano. Ina ƙaramin malami mai takardar daraja ta uku a wata firamare kusa da Kiyako, a bakin babban titin da ya fito daga Birnin Kudu ya nufi wajen Gwaram. A jadawalinmu akwai darasin labarin duniya, ranar Juma'a da safe. Aikin malami shi ne ya saurari rediyo cikin mako, ya zo ya bayyana wa yara abin da ƙasa ke ciki. Da yake ba ya fitowa a jarrabawa, yawancin malamai shara suke sa yara a lokacin. Ni kuwa da taurin kaina da 'yar rediyota mai cin batir, ban taɓa barinsa ya wuce ba, har abokan aiki suka laƙaba mini suna Malam Ga Labarai.

A wannan shekara gwamnati ta sanar cewa motoci za su bar bin hannun hagu su koma dama. Kafin labarin ya gama zaga ƙauyuka ya yi ƙiba. Wai ranar canjin direbobi za su ruɗe, motocin gyaɗa su yi ta karo, duk wanda ya taka kwalta sai gawarsa.

Kusan rabin yaranmu daga tsallaken titi suke zuwa, daga unguwar Fulani da suka daɗe da zama suna noma da kiwo. Shugabansu shi ne Jauro Buba. Wata safiya ya jingine kekensa a gindin darbejiya, ya shiga ofishin hedimasta, Malam Isiyaku.

"Malam, yaranmu za su zauna gida sai ƙura ta lafa. Ba mu haife su don mota ba."

Malam Isiyaku ya kira ni bayan tafiyarsa, ransa a ɓace. Mu duka mun san abin da wannan magana ke nufi. Damina na ƙaratowa, ana sharar gona. Yaron da ya zauna gida a irin wannan lokaci, aka miƙa masa fartanya ko sandar kiwo, to ya bar aji ke nan har abada. Da ƙyar da roƙo muka samo yaran nan, ga shi za su zube mana a tashi ɗaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni Juma'a biyu, kuma ka gayyato Jauro a ta biyun."

Ya ce, "Da labarin rediyon naka za ka tare lori?" Amma ya yarda, don ba shi da wata dabara.

Na sa yara suka kwaso toka daga murhun iyayensu, muka shata titi a filin wasa. Yara shida su riƙe ƙugun juna, sun zama lori, na gaba yana ham da baki. Wasu kekuna, wasu jakuna, saura masu tsallakawa. Abu guda na nace a kai: da can mota mafi kusa da kai ta damarka take fitowa, yanzu ta hagu za ta fito. Don haka duba hagu, duba dama, ka sake duba hagu. Muka mai da shi waƙa. Har aka kai ga mata suna jin ta a bakin rijiya.

Juma'a ta biyu Jauro ya zo da dattawansa, aka shimfiɗa musu tabarma. Suka kalli yara suna tsallakawa lami lafiya. Ya girgiza kai.

"Wannan ai wasa ne, Malam. Ni da na tsufa ina tsallaka titin nan da shanu, yaro ne zai fi ni?"

Na ce, "To bisimilla, Baba, nuna musu yadda ake yi."

Ya miƙe, ya gyara malafa, ya tsaya a bakin toka. Ya waiwaya dama, kamar yadda wuyansa ya saba tun da aka yi titin, ya ga wayam, ya sa ƙafa. Lorin 'yan aji huɗu kuwa ta hagu ta taho da gudu, jikarsa Hansatu ce direba. Ta yi ham, ta yi ham, ta dafe shi a ciki, 'yan baya suka zube a kansu. Malafa ta yi gefe.

Na ce a raina yau na jawo mana. Sai Jauro ya zauna daɓas a kan toka, ya fashe da dariya, sannan kowa ya samu bakin darawa.

"Kai! Ashe mu ne ya kamata a tsare a gida. Hansatu, zo ki sake faɗa mini, wanne ake fara dubawa?"

Ranar farko ta makaranta bayan canjin, na tsaya a bakin titi tun da sassafe. Sai ga su sun ɓullo a jere ta cikin gonaki, suna waƙar, Jauro a bayansu yana jan keke. Babu wanda ya rage a gida. Wallahi ko ranar da na karɓi takardar ƙarin girma ban yi farin ciki irin na wannan safiya ba. Daga wannan mako Malam Isiyaku ya hana shara ranar Juma'a.

Ku da kuke cikin aikin yanzu, ga abin da na tsinta. Labarin da ka karanta wa yaro yana zaune, a aji zai bar shi. Wanda ya taka da ƙafarsa, shi yake kai wa gida, kuma a ƙauye irin namu dattijon da zai yi gardama da rediyo ba ya gardama da jikarsa. Hansatu ta gama aji bakwai, ta wuce gaba har ta zama ungozoma, ita ce ta karɓi haihuwar autana a asibiti.