Ingilishi a Bakin Turmi

Akwai wata ranar Asabar da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Shekarar da zan yi jarabawar ƙarshe ta sakandare ce, a nan Malanville, inda da Faransanci ake karatu. Baba ya riga ya faɗa, in na faɗi, rumfarsa ta albasa a kasuwa na jirana.

A rubuce na iya Ingilishi. Amma in na buɗe baki, kowace kalma sai in danna ƙarshenta kamar Faransanci, 'yan aji su fashe da dariya. Daga baya na daina magana gaba ɗaya, alhali akwai jarabawar baka.

Ranar nan Madan, malamarmu ta Ingilishi, ta yi sallama gidanmu, ta tarar da ni da Inna muna surfen gero. Ta tsaya tana kallonmu, sannan ta ce kar in ajiye taɓaryar.

"Ɗiyata, kalmomi irin repeat da prepare da contain gaɓa biyu ne. Re, pre, con, 'yan rakiya ne da suka zo daga Latinanci, ba su da nauyi. A kansu ki ɗaga taɓarya. In kin kai uwar kalmar, ki sauke."

Na ɗaga a kan re, na sauke a kan peat, turmi ya amsa, dum! Na ji kalmar ta zauna daidai a bakina. Da muka kai important, sai ta ce ɗan tsallen da taɓarya ke yi bayan ta sauka, shi ne gaɓa ta uku.

Inna ta riƙe haɓa. "Madan, wato yau tuwon Ingilishi za mu ci?"

"Inna, in ya yi daɗi a aiko min da nawa."

Geron nan sai da ya kusa zama gari. Madan ta gargaɗe ni cewa wasu kalmomi na bijire wa wannan tsari, amma tsoron ya riga ya tafi.

Ranar jarabawa ban yi shiru ba, kuma na ci. Baba ya kai wa Madan buhun albasa da kansa.

Yanzu da na girma na gane ba ƙwaƙwalwa na rasa ba, kunya ce ta ɗaure min harshe. Na koyi cewa malamin ƙwarai ba ya jira a aji, yana biyo ɗalibi har inda yake jin sakewa. Allah ya saka mata da alheri.