Ranar da Matata Ta Tuƙa Mu Zuwa Ringim

Ranar ɗaurin auren abokina na tashi da ciwon ido, ko titi ba na gani sosai. Har na haƙura da tafiyar, sai matata ta ɗauki makullin mota ta ce, "Maigida, zauna a gefe, ni zan kai mu." Watanta uku da koyon tuƙi, iyakarta Yalwawa zuwa kasuwa.

Muka kama hanyar Ringim. Ta wuce motocin hatsi a natse, ta tsaya wa garken shanu har suka tsallaka.

Da muka isa, mahaifin ango ya yi mini sannu da hanya. Na ce, "Allah gafarta Malam, ita za a yi wa, ni fasinja ne." Ya sa mata albarka, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa.