Irin da Muka Cinye Ranar Bakwai

Ina shanya barguna a kan igiya, a gidana na Yelwa, waya ta shigo. Ƙanena ne daga ƙauyenmu na bakin ruwa, can ƙasar Ngaski. Bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Inna ta cika." Na ce yaushe. Ya ce yanzun nan, tana jera itace a bayan madafa, ta ce a ba ta ruwa, ta zauna, shi ke nan. Na tambaye shi ko ta gama jerawar. Har yau ban san abin da ya sa na yi wannan tambayar ba. Ya ce ta gama.

Duk wanda ya san Inna ya san ba ta tsoron komai kamar sanyi. A gungu aka haife ta, tsakiyar kogi, don haka ruwa bai taɓa ba ta tsoro ba. Maciji ma da taɓarya take gamawa da shi. Amma da zarar ruwan sama ya ɗauke, sai ta tashi gidan tsaye. A ɗaura sabuwar zana ta ɓangaren da iska ke tasowa daga tafki. A tara itace har ya kai tsayin mutum. A sa kifi a banda, a cika kwando biyu. A matso da turken awaki kusa da bango, a cusa tsumma a duk wata kafa ta ƙofa, a narka man kaɗe a zuba a gwangwani saboda faso. Tun ina yarinya, kowace shekara sai ta faɗa, tana ɗaure bakin zana da haƙori da hannu: "Sanyin bana shi za ya tahi da ni." Shekaru masu yawa sanyi yana zuwa yana wucewa. Ranar da ta tafi kuwa, rana ce mai zafi, da mafici a kusa da ita.

Aiki ɗaya ya rage mata, kuma ni kaɗai na san ya rage.

A ƙarshen gonarmu, inda ruwa ya fi daɗewa, akwai wani ɗan yanki da ƙanena ya bar mata. Shi shinkafar zamani yake nomawa, fara doguwa, wadda 'yan kasuwa ke so. Ita kuwa a yankinta take shuka jar shinkafa, gajera, mai ɗan gemu a bakin ƙwaya. Kakata ce ta fito da irin a ƙullin zane, lokacin da aka tare ruwa a Kainji aka kwashe mutanen gungunsu zuwa tudu. A da gidaje da yawa suna shuka ta. Ɗaya bayan ɗaya suka bari, domin ba ta cika buhu, kuma in aka yi jinkirin yanka sai ta zube. A ƙarshe Inna kaɗai ta rage.

Kafin kowa ya sa lauje a gonar, takan shiga da 'yar wuƙa ta bi zangarniya ɗaya-ɗaya, ta zaɓi masu nauyi, ta ɗaure, ta rataye a saman murhu don hayaƙi ya hana ƙwari. In damina ta zo ta shuka shi duka, ba ta rage ko ƙwaya. Don haka tsakanin shuka da girbi, irin nan babu shi ko'ina a duniya sai a tsaye cikin gona.

Kwana tara kafin rasuwarta ta kira ni da 'yar wayarta, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ke ɗiyar birni, idona ya hwara yi min gardama. Ki taho ki ara min naki, mu cire iri."

Na ce ina da ɗinki a gabana, rigunan sanyi na 'yan makaranta, sai mako mai zuwa.

Ta ce, "To. Ita dai shinkahwa ba ta san kina ɗinki ba." Sannan ta ƙara, "Kada ki gaya ma ƙanenki. Yanzu sai ya ce na tsuhwa, ya haɗe min gona da tashi."

Ban gaya masa ba. Mako mai zuwan ya zo, ban gama ɗinkin ba.

Kafin jirginmu ya kai gaɓa an riga an kai ta. Na tarar da gidan a shirye tsaf, kamar don baƙi aka gyara shi. Masu gaisuwa suka zauna a inuwar sabuwar zana. Itacen da ta jera don ya kai ta ƙarshen sanyi, shi aka yi ta ja ana dafa wa mutane abinci. Kifin banda ya shiga miya tun rana ta biyu. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta karɓi ragamar gidan tun kafin in sauke jakata, duk abin da ta buɗe ta tarar a cike sai ta ce, "Allah Sarki, kamar ta sani."

Ranar uku maƙwabcinmu ya zo. Dattijo ne Kirista, shi da marigayi mahaifinmu sun daɗe suna su a kwale-kwale ɗaya, kuma Baba muke ce masa. Ya tsaya a bakin ɗakin da muke zaman makoki, ya cire hularsa, ya ce sun haɗa gayya. A ƙauyenmu haka ake yi. Gidan da aka yi rashi lokacin girbi, mutanen gidan ba sa taɓa lauje, gari ne ke yanke musu, ya sheƙe, ya kawo har ƙofa. Ba a roƙo, ba a kuma ƙi.

Ɗakin cike yake da mata, wata tana tsakiyar addu'a. Na ji nauyin in ɗaga murya in yi zancen shinkafa, uwata kwana uku a ƙasa. Duk da haka na ce, "Baba, ta Inna..."

Ya ɗaga hannu. "Mun sani, ɗiyata. Ta Inna daban za mu aje ta. Ko ƙwaya ba ta garwaya da ta yaron ga."

Na ji sanyi a raina. Na yi masa godiya har sau biyu.

Sun cika alkawari. An ce Baba da kansa ya tsaya a kan iyakar, ya hana kowa tsallakawa sai da aka gama da farar. Sannan aka yanke jar, aka buge ta a tampol nata daban, aka zuba a buhu nata daban.

Ranar biyar, da hantsi, ina zaune a kan tabarma na ji ƙanshin shinkafa ana turarawa. Wanda ya tashi a gidanmu ba ya ɓata wannan ƙanshin da na wata. Na tashi na zagaya bayan madafa. Ganga tana kan wuta, an rufe bakinta da buhu, tururi na fita ta gefe. Wadda aka riga aka sauke tana shanye a kan tampol. Gwaggo na tsaye da itace a hannu, idonta ya yi ja saboda hayaƙi.

Na ce, "Gwaggo, wace shinkafa ce wannan?"

"Ta uwarki mana. Da ta wa za a yi mata sadakar bakwai, da ta ƙanenki mai kama da alli? Wahalarta ce, da hannunta ta shuka. Ladar ta tahi gare ta kai tsaye, ba ratse."

"Duka kuka turara?"

"Duka. Mi za mu rage? Mu yi ma mamaci rowa da abin shi?"

Na ce, "Iri fa?"

Ta dube ni kamar yadda ake duban wanda ya daɗe a birni. Ta nuna ƙofar madafa da itacen hannunta. "Ga shi can rataye, ke makauniya ce? Uwarki da ba ta bari kowa ya rigaye ta gona? Baban naku ma sai da ya leƙo ya gani kahin su yanka."

Na shiga madafar. Akwai dami a rataye a saman murhu, baƙi ƙirin. Na miƙa hannu na sauko da shi, ba nauyi. Karan bara ne, wanda ta riga ta murje ta shuka. Inna ba ta yar da igiya, sai ta bar shi a wurin har ranar da za ta kwance ta ɗaura sabo. Na murza shi a tafin hannuna, baƙin hayaƙi kawai ya fito. Shinkafar da ta sha tururi ba ta tsira, wannan ko yaron goye a ƙauyenmu ya sani. Na mayar da damin inda yake.

Da na fito Gwaggo ta ce, "Kin gani?"

Na ce na gani. Matar nan tun asuba take tsaye a kan gwiwoyin da ke mata ciwo. Na karɓi itacen daga hannunta na ce ta je ta zauna, ni na iza wutar gangar ƙarshe.

Ranar bakwai aka dafa ta da man ja da sauran kifin banda. Ban taɓa jin an yabi abincin makoki haka ba. Tsofaffi suna ci suna kiran sunayen unguwannin da ke ƙarƙashin ruwa yanzu. Wani dattijo, ɗan'uwan Inna na nesa da ya zo daga Shanga, ya suɗe hannu ya ce rabonsa da wannan ɗanɗano tun yana bin uwarsa gona. Ya aiko a gaya wa mutanen gida, in hankali ya kwanta a ɗibar masa iri ko tiya ɗaya ce.

Gwaggo ta amsa daga cikin ɗaki, "Akwai, akwai. Sai dai ka zo da buhunka."

Ni ma na ci. An zuba mini a kwanon Inna, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi daɗi ƙwarai. Na cinye.

Sai da baƙi suka watse na gaya wa ƙanena. Na same shi da la'asar yana ɗinke bakin buhuna, za a loda su jirgi zuwa kasuwar Yawuri. Na faɗa masa duka, har da kiran da ta yi mini da amsar da na ba ta. Mutumin nan ya shekara goma yana roƙon Inna ta bar wannan shinkafa. Na ɗauka zai ce Allah ya kawo sauƙi. Sai ya ajiye basillar, ya zauna a kan buhu.

Can ya ce, "Da kin hwaɗa min, Yaya."

Na ce ita ta hana.

"Ta hana, ke kuma wannan kaɗai kika ji daga maganarta."

Gaskiya ya faɗa. Ya tashi ya bi buhunan yana dubawa, ya ja biyu gefe. Ya ce waɗannan na bakin iyaka ne, kuma ba a turara su ba. Kowace shekara jar takan zube ta tsira cikin tasa, 'yan kasuwa su soka buhu su ga ja-ja su yi ta tsaki, su ce ya kawo musu gauraye. Ya ce, "Abin da ke ja min zagi kullum. Duba ko ki samu wani abu."

Buhu ɗaya na taho da shi Yelwa, ɗayan yana ɗakin Inna.

Sanyin bana bai yi ƙarfi ba. Mutane suna ta cewa ba su taɓa ganin mai sauƙinsa ba, rigunan da na ɗinka ma da yawa ba a sa su ba. Kowace safiya in rana ta fito nakan zauna da faifai a ƙofar ɗaki, in ɗebi kwano ɗaya in baza. Aikin ya fi yadda na zata wuya. Bugun da aka yi mata ya karya gemun, don haka sai dai in dubi gajartar ƙwaya da duhun ɓawo. Wani kwanon in samu ashirin, wani bakwai. In na yi shakka sai in fasa da haƙori in gani, in ja ce kuwa na yi asarar ta ke nan. Inna masu nauyi take zaɓa, ta bar sauran. Ni duk wadda na gani ɗauka nake yi, ban san mai kyau ba, kuma ban san ko za su tsira ba.

Ƙanena ya ce zai bar yankin nata haka nan har ruwan farko, in ban kawo komai ba zai haɗe shi da nasa. Bai faɗa da faɗa ba. Gwaggo har yanzu ba ta sani ba, kuma dattijon Shanga ya aiko sau biyu.

Zafi ya fara shigowa. Abin da na tara bai gama cika gwangwanin madara uku ba. Buhun farko ban kai rabinsa ba, na biyun kuma ko bakinsa ba a kwance ba.