Ɗaso da Ganyen Ayaba

Duk wanda ya zauna a layinmu na Utaibiyya a Makka ya san ƙofar Hala Ɗaso, wato Inna Ɗaso, in ma bai san ta ba ya san ƙamshin shinkafarta ta ranar Alhamis. Bayan la'asar take shimfiɗa sufra, doguwar ledar nan ta cin abinci, a inuwar bangon gidanta, leburori da direbobi da masu shara su jeru a ƙasa. Ba ta tambayar sunan kowa, balle iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar. Ba ta kuma yarda a ƙulle abinci a leda a tafi da shi. In za ka ci, zauna ka ci. Ita da 'yarta Ihlas ke bin layi da ludayi suna ƙari, har sai mutum ya kare gabansa da hannu.

In an gama ita kaɗai ke naɗe sufrar, kullum ta kamo bakin can ta janyo shi gabanta. Wata rana na kai hannu zan taya ta, na tura ledar gaba, sai ta buge mini hannu. Ni kuwa ba a buge mini hannu a banza, don haka ban tashi ba sai da ta faɗa mini dalili.

'Yar Damagaram ce. Ta zo Makka tana da shekara goma sha tara tare da mijinta Mukhtaru, tela ne, ya yi shekara talatin yana ɗinka wa alhazai jallabiya a wani ɗan shago a Jarwal. Mutum ne marar magana, ita kuwa tana yin ta mutum biyu, suka zauna lafiya. Shekara tara da suka wuce zuciyarsa ta fara ba shi wahala, aka ce sai fiɗa, abokan sana'arsa suka yi masa hanyar wani asibiti a kudancin Indiya. Ita ta raka shi. Aka yi aikin, amma bai farfaɗo yadda ake so ba. Likitoci suka kwantar da shi a ɗakin da ba a barin kowa ya shiga sai minti goma da safe, suka ce mata sai jira, yana iya tashi, yana iya ƙin tashi.

Abinci ya zame mata matsala. Ba ta san wa ya yanka naman garin ba, ba ta jin yarensu balle ta tambaya, sai ta dogara da dabino da ƙuli-ƙulin da ta yi guzuri. A kwana na tara suka ƙare, a na sha ɗaya jiri ya kayar da ita a barandar asibiti. Wadda ta ɗaga ta wata nas ce mai suna Shanti, ta taɓa yin aiki shekara shida a Jidda, tana jin Larabcin kasuwa. Ta ja ta bakin taga ta nuna mata wata hasumiya mai hawa-hawa, cike da sassaƙe-sassaƙe masu launi, ta ce babban wurin ibadarsu ne na 'yan Hindu, kuma ana ciyar da kowa a can kullum da rana, babu nama ko ɗigo.

Ɗaso ta ce ita Musulma ce, daga Makka ma. Shanti ta ce ta gani ai. Ta bayyana mata cewa abin da ake ajiyewa gaban abin bautarsu daban yake, yana can ciki inda ba a barin wanda ba ɗan addinin ba ya shiga, zauren ciyarwa kuwa a wajen ƙofa yake. Wannan hanin bai ɓata wa Ɗaso rai ba. Ta ce mu ma haka muke yi a Makka.

Tana bayar da labarin wurin tiryan-tiryan, kamar yadda ta gani da yadda Shanti ta gaya mata. Wai wani sarki ne ya gina shi shekaru ɗari tara da suka wuce bayan wata yunwa, ya bar wasiyya kada a kashe wutar murhun, manoman yankin kuma har yau su ke kawo farkon shinkafarsu. Tun da sassafe ake kaɗa ƙararrawa da ganga da wani abu kamar algaita, mata na shiga ba takalmi da furanni a ka, ana kunna fitilun mai. Ita dai zaurenta ta sani: mutum ɗari biyar a zaune a ƙasa layi-layi, mai zoben zinariya kusa da mai tsumma, kowa da ganyen ayaba a gabansa a matsayin faranti. A layin mata wata tsohuwa siririya ke rabon miya da bokiti. Ɗaso ba ta taɓa sanin sunanta ba, Mai Ludayi take ce mata.

Ranar farko ta yi bisimilla ta ci ta ƙoshi, sannan ta yi abin da kowannenmu zai yi in ya gama da kwano: ta ninke ganyen ta tura shi gaba. Sai Mai Ludayi ta ajiye bokiti, ta dubi katin asibitin da ke rataye a wuyan Ɗaso, ta kama hannuwanta biyu tana ta magana, idonta ya ciko. Matan kusa suna girgiza kai. Ɗaso ta koma asibiti a tsorace, ta ɗauka wani babban laifi ta yi.

Shanti ta saurara, ta ce, "Ya Hajja, in kin ninko shi gabanki, kin ce kin ƙoshi, kin gode, za ki dawo. Ba a tura shi gaba sai a gidan mutuwa. Ta zaci majinyacinki ya rasu."

Washegari Ɗaso ta gama cin abinci, ta jira sai da tsohuwar ta iso kusa, sannan ta ninko ganyen gabanta. Mai Ludayi ta yi dariya ta ƙara mata ayaba guda. Daga nan abin ya zama gaisuwarsu. Kullum in an kusa tashi tsohuwar kan tsaya a ƙarshen layi da bokitinta tana kallo, Ɗaso ta ninko ganye, wato Mukhtaru yana nan. Kalma ɗaya ba su taɓa fahimta a bakin juna ba, haka suka yi kwana ashirin da shida.

Ya rasu wata Talata da hantsi. Musulmin garin suka yi masa sutura, aka binne shi bayan azahar. Kashegari, kafin motar filin jirgi ta zo, Ɗaso ta tafi zauren. Ba yunwa take ji ba. Ta zauna, aka zuba mata, ta yi loma biyu, ta jira tsohuwar ta juyo, sannan ta ninke ganyen ta tura shi gaba. Masu rabo ba sa zama sai kowa ya tashi, amma wannan karon Mai Ludayi ta miƙa wa wata bokitin, ta zauna a ƙasa kusa da Ɗaso har zauren ya watse.

Da za su rabu Ɗaso ta ce mata da Hausa, "Allah ya kawo ki Makka, ki sauka a gidana." Abin da take gaya wa kowa ke nan. Sai a hanyar Jidda zuwa Makka, da motarsu ta wuce allon da ke raba hanyar Musulmi da ta waɗanda ba Musulmi ba, ta tuna cewa wannan baƙuwar ba za ta taɓa zuwa ba. Ta ce a nan ne ta yi kukan da ba ta yi a asibiti ba.

Tana fita takaba ta sayi babbar tukunya. Akwai matan layinmu da har gobe suke cewa ta ci abincin gidan gumaka, kuma na lura babu wadda ta taɓa ciyar da ko mutum uku a cikinsu. Ɗaso ba ta tanka musu. Ta tsufa yanzu, gwiwa ta hana ta bin layi sosai, amma naɗin sufra bai bar hannunta ba.

Alhamis ɗin da ta wuce ina zaune ta kira Ihlas, ta ce ranar da ta mutu a dafa kamar kullum, a ciyar da mutane, in an gama a tura sufrar gaba sau ɗaya. Ihlas ta ce, "Halas, ya Ummi, ba na son wannan magana." Ɗaso ta ce ba ta tambaye ta abin da take so ba. Sannan ta sunkuya da ƙyar, ta kamo bakin ledar, ta janyo shi gabanta.