Sai an sauke dabino

Da zarar zafi ya kankama a Sabha, har iskar da ke shigowa ta taga ta koma kamar ta bakin murhu, sai zuciyata ta tafi Garabulli. Shekaru na yi ina aikin bakin teku a can. Masif suke ce wa wurin: rumfunan kaba da laima jere a kan yashi, ana ba iyalai haya. Ni ne mai kafawa, ni ne mai shara, ni ne kuma mai daka wa yara tsawa in sun yi nisa cikin ruwa. Mutanen Tarabulus su zo da tukwanensu da kankana, kamar masu ƙaura. Tsofaffin mata su shiga ruwa da kayansu gaba ɗaya, su zauna daɓas, igiyar ruwa na dukansu suna salati. Garin da ke barci duk shekara sai ya farka, mai burodi ma ba ya samun zama. Wallahi ina kewar wurin nan.

Babana kuwa bai taɓa ganin teku ba. Daga Damagaram ya zo tun yana saurayi, ya ƙare ƙarfinsa a gonar dabinon wani Balarabe a hanyar Tamanhint. In na dawo gida, sai ya sa ni gaba da tambaya: da gaske ba a hango ƙarshensa? Da gaske shuɗi ne? Ya ce shi fa kafin ya mutu sai ya gani da idonsa. To, idon ne matsalar. Farar yana ce ta fara rufe shi, kowace shekara tana ƙara kauri.

Na ce ya biyo ni. Ya ce sai an sauke dabino. Abin da ke ƙona min rai ke nan: lokacin da teku ke cika da mutane, shi ne lokacin da dabino ke nuna. Ana ɗaure nonon dabino, ana tsinkar wanda ya fara laushi, ana korar tsuntsu. Mutumin da ko tsani ba ya iya hawa, amma ya rantse in ba ya tsaye a gindin bishiya za a ɓata masa aiki! Na yi lallashi, na yi faɗa, har na taɓa ce masa dabinon nan ba na ubansa ba ne. Ya yi dariya ya ce ai ya sani, uban nasa gero ya noma. Haka muka yi ta yi, in an sauke dabino sanyi ya shigo, sai ya ce to bari zafi ya dawo.

Wata shekara dai na ƙi yarda. Ana gama ɗaure buhu na ƙarshe na saka shi a mota, muka kama hanyar arewa. Muka tarar da garin ya koma barcinsa. An kwashe rumfuna, an kulle shaguna, ba kowa a yashin sai karnuka da busasshiyar ciyawar ruwa. Na riƙe hannunsa muka sauko. Da ya ji rurin ruwan sai ya tsaya cak. Manomin hamada ne, a wurinsa ƙarar ruwa injin ban-ruwa ne aka kunna. Ya tambaye ni ko haka ake barinsa yana zuba, ba mai kashewa.

Na sake shi na koma mota in ɗauko masa bargo. Ina dawowa na same shi ya juya gefe, ya ɗaga kai, fuskarsa cike da murna. Bangon wani shagon shayi ne a gabansa, dogo, an shafe shi da shuɗin fenti.

"Masha Allah," ya ce. "Ashe ba ƙarya kake ba. Shuɗi ne."

Na kama kafaɗunsa a hankali na juya shi.

"Baba, ga shi nan, ta nan."

Ranar akwai hadari, ruwa da sama duk sun zama toka-toka. Ya daɗe yana ƙura ido, yana share hawayen da iska ke sa shi. Sannan ya lalubo hannuna.

"Mayar da ni wajen na farkon," ya ce. "Can na fi gani."