Maude, Mai Majigin da Ya Zaunar da Mu Gefe Ɗaya

Ina dakan fura aka kawo mini labari wai motar majigi ta kife a hanyar Abaji, Malam Maude bai tashi ba. Ga shi ko hawayen rasuwar ƙawata Asibi bai bushe mini ba. Na ajiye taɓarya na zauna a ƙasa. Sai da la'asar wani direba da ya gani da idonsa ya ce ba haka ba ne, ƙafa ce ta karye, yana kwance yana cika masu jinya da surutu, sai dai aikin ne ba zai koma ba. Na yi ta hamdala. Na ce ba zan jira wata mutuwa ba kafin in gode masa, ko da yake karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba.

Maude yakan iso gari da rana, ya gaida mai gari, ya shiga kasuwa kamar mai neman abin saye, alhali sauraron abin da ke damun mutane yake yi. Bayan magariba ya ɗaura farin ƙyalle tsakanin itatuwa biyu, ya tayar da inji, ya ɗauki lasifika. Mutanen cikin hoton da yarensu suke magana, shi ke ara musu baki da Hausa, ya ɗan taɓa Gwaranci, tsofaffi su yi ta dariya.

A garinmu Sheda, Gwarawa ke zama gaban ƙyallen, mu Fulani muna bayansa, muna ganin komai a juye. Haka muka taso muka tarar.

Ina yarinya mai tallar nono, Baffana ya same ni ina cin tuwo ƙwarya ɗaya da Asibi, kusa da ɗakin tsafin babanta Yamusa, Bagwari. Ya rantse in ya sake ganinmu tare, rugarmu za ta tashi kafin damina. Maude ya zo sayen nono, ya ga idona a kumbure, ya tambaya, na gaya masa. Ya sha, ya tafi.

Ran nan bai ɗaura ƙyallen a itace ba, jikin bangon makaranta ya manna shi. Babu baya. Dole Baffa ya shimfiɗa buzunsa kusa da Yamusa. Bayan hoton noman auduga, ya sa wani ɗan gajere na ƙasar Indiya. Yara biyu, ɗaya da hula, ɗaya da jan ɗigo a goshi. Maude ya ce mai hular Musulmi ne, ɗayan Hindu, iyayensu ko gaisawa ba sa yi. 'Yar akuyar da suke wasa da ita ta faɗa rijiya. Mai hula ya ɗaga hannuwa sama, ɗayan ya haɗa tafukansa, dukansu suna kuka, sannan suka ruga kiran iyayensu. Aka fito da akuya da rai.

Wani ya tambaya, to addu'ar wanne aka karɓa?

"Wannan ba a ba ni labari ba," in ji Maude. "Amma bari in mayar, ku duba mini hannun wa ke kan igiya."

Ya mayar. Ubannin biyu ne, igiya ɗaya. Baffa ya kasa haƙuri, ya ce wannan ɗaurin ai shaƙe dabba zai yi, a ƙirji ake ɗaurewa. Yamusa ya ce shi ma abin da ya gani ke nan, Indiyawa ba su san akuya ba. Har aka kashe inji suna kushe ɗaurin nan.

Da safe Baffa ya miƙo mini ƙwaryar nono, bai dube ni ba.

"Hansatu, kai gidan Yamusa. Kada ki daɗe."

Na daɗe. Ruga ba ta tashi ba.

Malam Maude, kai ne ka bar mini Asibi. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba, ba ka kunyata Baffa a gaban mutane ba, ƙyalle kawai ka matsar. Daga baya Asibi ta shiga coci, ni ina kan sallata. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari, ni na rufe mata ido. Na gode. Allah Ya ɗora ƙafar nan, Ya ba ka tsawon rai. Ku masu nuna wa yara hoto yanzu, ku riƙa shiga kasuwa tukuna kamar yadda yake yi.

Autar Asibi, Helen, a ɗakina take kwana. Kullum in na idar da sallar asuba nakan taɓa ƙafarta in ce ta tashi ta yi tata addu'ar, ni kuma in hura wuta, in jira ta gama mu karya.